Darasin Kimiyya: Yadda Mai Kasuwancin Intanet Zai Jera Ayyukansa

Manufar darasi

Ɗalibai, darasinmu na yau ya shafi mutumin da ke sayar da kaya ta waya, ba shi da shago a bakin titi, ba shi da yaron shago. Shi ke saro kaya, shi ke ɗaukar hoto, shi ke amsa masu tambayar farashi, shi ke duba shigowar kuɗi, shi ke kai kaya tasha. Tambayar da za mu amsa guda ɗaya ce: idan ayyuka ashirin suka taru a kan mutum ɗaya, da wanne zai fara, kuma bisa wane dalili?

Fannoni biyu na kimiyya ne za su taimaka mana. Na farko ilimin halayyar ɗan Adam, mai nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu da yadda hankali ke karkata. Na biyu wani reshe na lissafi mai nazarin layi da jeren ayyuka, irin wanda masana'antu ke aiki da shi. In mun kammala, ana so kowane ɗalibi ya iya abubuwa huɗu:

1. Bayyana iyakar abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa a lokaci guda.
2. Auna asarar da tsalle daga aiki zuwa aiki ke jawowa.
3. Bambanta aikin gaggawa da aiki mai muhimmanci.
4. Jera ayyukan yini bisa ƙa'ida, tare da lissafinta.

Misalin da za mu riƙe har ƙarshen darasi shi ne na wata mata a Kano da ke saro atamfa da leshi a Kantin Kwari. Tana ɗora hotuna a sitatus na WhatsApp da shafinta na Instagram, ana biyan ta ta taransifa, na cikin gari tana aika musu ta hannun mai kai saƙo, na wasu garuruwa kuma ta tasha. Alƙaluman da za mu jingina mata na misali ne don lissafi. Na bincike kuwa za su zo da sunan masu su da shekarar da aka wallafa su.

Kashi na 1: Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abu da yawa a lokaci guda

Gwaji na farko. Ɗalibi ɗaya ya tashi ya karanta wa aji oda takwas, sau ɗaya tak, kowace da kaya da launi da gari: leshi ruwan toka zuwa Gusau, jar atamfa zuwa Azare, haka har takwas. In ya gama, kowa ya rubuta abin da ya riƙe. Yawancinku za ku kawo ta farko da ta ƙarshe daidai, na tsakiya su cakuɗe, launin wannan ya koma garin waccan.

Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiya iri biyu. Akwai ta dogon lokaci, inda sunan unguwarku da karatun da kuka haddace suke. Akwai ta wucin-gadi, inda ake riƙe abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu. Ta biyun ƙarama ce ƙwarai. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller na Amurka ya ƙiyasta cewa tana ɗaukar abubuwa bakwai, ko a rage biyu ko a ƙara biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake bin gwaje-gwajen da aka tara, ya nuna cewa idan aka hana mutum maimaita abin a ransa ko haɗa shi rukuni-rukuni, adadin kimanin huɗu ne kawai.

Yanzu mu auna wannan huɗun da abin da ke hannun 'yar kasuwarmu. A 1961 John Little ya tabbatar da wata ƙa'idar lissafi game da layi: matsakaicin adadin abin da ke cikin layi daidai yake da yawan shigowarsa sau tsawon lokacin da kowanne ke yi kafin ya fita. A ce oda 12 ke shigo mata a kullum, kowace kuma tana ɗaukar kwana 3 daga biyan kuɗi zuwa isar kaya.

12 × 3 = 36

Ke nan a kowane lokaci akwai oda kimanin 36 a buɗe: wata an biya ba a ƙulle kayan ba, wata tana cikin mota, wata ta isa tasha mai ita bai je ya karɓa ba. Ma'ajiya mai ɗaukar huɗu ba za ta riƙe 36 ba, komai kaifin kan mutum. Ku lura kuma da abin da lissafin ya nuna: in ta rage kwana 3 zuwa 2, abin da ke hannunta zai sauko zuwa 24 ba tare da cinikinta ya ragu ba.

Aikin da ba a gama ba kuma ba ya zama shiru. A 1927, a birnin Berlin na Jamus, Bluma Zeigarnik ta ba mutane ƙananan ayyuka, ta bari suka ƙarasa wasu, ta katse su a tsakiyar wasu, sai ta ga sun fi tuna waɗanda aka katse. Masu bincike na baya ba su samu wannan sakamakon a kowane gwaji ba. Amma a 2011 E. J. Masicampo da Roy Baumeister sun gano abin da ya fi mana amfani. Mutanen da aka tuna wa wani buri da ba su cika ba, tunaninsa ya riƙa kutso musu suna tsaka da karatu. Waɗanda aka sa suka rubuta takamaiman shirin yadda za su yi aikin, kutsen ya ragu, alhali ba su taɓa aikin ba tukuna.

Ƙa'ida ta farko ke nan: kowane aiki ya fita daga kai ya shiga littafi, kuma littafin ya zama guda ɗaya. Kowace oda ta samu layinta: kwanan wata, sunan mai saye, kaya, kuɗi, gari, da matakin da take. Matakai biyar sun isa: an yi ciniki, an biya, an ƙulle, an aika, ya isa. Wannan dabarar ta bin abu mataki-mataki da kati ta yi suna ne a masana'antar Toyota a Japan, inda Taiichi Ohno ya bunƙasa ta a shekarun 1950. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba da damar liƙa wa kowace hira alama mai launi, sai a ba alamomin sunayen matakan nan biyar.

Kashi na 2: Asarar tsalle daga aiki zuwa aiki

Gwaji na biyu. Ku zauna bibbiyu, ɗaya ya riƙe agogo. A zagaye na farko a rubuta lambobi 1 zuwa 20, sannan haruffa 20 na farko na abacada. A zagaye na biyu a rubuta su a cakuɗe: 1, a, 2, b, 3, ɓ, har ƙarshe. Abin da aka rubuta 40 ne a kowane zagaye, amma na biyun zai fi cin lokaci, kuskure ma zai fi yawa.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, gwaji kuma ya gaskata su. Idan ayyuka biyu duk suna bukatar tunani, ƙwaƙwalwa ba ta yin su tare, kai-da-komo take yi a tsakaninsu. A 2001 Joshua Rubinstein da David Meyer da Jeffrey Evans sun auna wannan, suna sa mutane su sauya tsakanin lissafi iri-iri ko tsakanin hanyoyin rarraba siffofi. Sun bayyana cewa kowane sauyi yana da matakai biyu: sauya manufa, sannan ajiye ƙa'idodin aikin farko a ɗauko na sabon. Kowane sauyi yana cin lokaci, kuma asarar tana ƙaruwa idan aikin mai sarƙaƙiya ne ko baƙo ne ga mai yin sa.

A 2009 Sophie Leroy ta ƙara wani abu: bayan mutum ya koma sabon aiki, wani ɓangare na hankalinsa kan tsaya a kan na baya, musamman in bai gama shi ba. A 2015 kuma Cary Stothart da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙarar shigowar saƙo ko kira kaɗai tana ƙara kuskure a aikin da ke bukatar natsuwa, ko da mutum bai ɗauki wayar ba.

Mu koma ga 'yar kasuwarmu. Tana rubuta suna da lambar waya a jikin leda, sai saƙo ya shigo: "Hajiya nawa ne ƙarshensa?" Ta ajiye biro ta amsa. Kafin ta koma, wata ta turo hoton rasit. Ta buɗe manhajar banki. Da ta dawo kan ledar, sai lambar mai kayan Jos ta hau kayan Yola. A nan ake yin kuskuren da ke cin kuɗin mota sau biyu, ya kuma ci amanar mai saye.

Ƙa'ida ta biyu: a tara ayyuka masu kama da juna a yi su a zama ɗaya. Ɗaukar hoto zama ɗaya, ƙulle kaya zama ɗaya, duba kuɗi zama ɗaya, amsa saƙonni a lokuta sanannu. A 2015 Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn a Kanada sun sa mutane su duba imel sau uku kawai a yini na tsawon mako guda, a wani makon kuma su duba yadda suka ga dama. A makon taƙaitawar, damuwarsu ta yau da kullum ta yi ƙasa.

Ɗalibi mai lura zai ce: "Malam, ai in ba ta amsa da wuri ba, mai saye zai tafi wajen wata." Wannan magana tana da gaskiya, domin a kasuwancin waya saurin amsa wani ɓangare ne na ciniki. Mafita biyu ce. Ta farko, a rage tambayoyin tun daga tushe: a rubuta farashi da yawan yadi a ƙarƙashin kowane hoto, a ajiye shiryayyun amsoshi na lambar asusu da kuɗin aike, a saka saƙon da ke tafiya da kansa yana faɗin lokacin da za a amsa. Ta biyu, a gajarta tazara: rufe saƙonni na minti 45 ana ƙulle kaya ba zai kashe ciniki ba, amma zai hana kayan Jos tafiya Yola.

Kashi na 3: Gaggawa daban, muhimmanci daban

Aikin gaggawa shi ne wanda lokacinsa ke ƙurewa. Aiki mai muhimmanci shi ne wanda sakamakonsa ke da nauyi a kan riba ko amana ko ɗorewar kasuwanci. A wani jawabi na 1954, shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yi magana kan wannan bambancin, daga baya Stephen Covey ya yaɗa shi a littafinsa na 1989 a matsayin jadawali mai gida huɗu. Ga yadda gidajen suke a kasuwancin misalinmu:

Gida na 1, mai muhimmanci kuma na gaggawa: kayan da aka biya, motarsu za ta tashi da hantsi, mai sayen da aka aika wa launin da ba shi ya zaɓa ba. A yi yanzu.

Gida na 2, mai muhimmanci ba na gaggawa ba: raba uwar kuɗi da riba, ƙirga kayan da suka rage, neman wasu diloli don kada a dogara da mutum ɗaya, rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, adana lambobin masu saye a wani wuri ban da waya. A yanka masa rana da sa'a.

Gida na 3, na gaggawa maras nauyi: mai tambayar farashin da aka riga aka rubuta, mai cewa a sake turo hoton da ke sitatus. A amsa da shiryayyen saƙo, ko a ba wani.

Gida na 4, ba gaggawa ba nauyi: leƙen shafukan abokan sana'a ba da wata manufa ba, ƙirga masu kallon sitatus bini-bini. A bari.

Me ya sa gida na 2 ke shan kashi kullum? A 2018 Meng Zhu da Yang Yang da Christopher Hsee sun ba mutane zaɓi tsakanin ayyuka biyu masu wahala iri ɗaya. Ɗaya ladansa kaɗan ne amma an nuna wa'adinsa ya kusa ƙarewa, ɗayan ladansa ya fi yawa, wa'adinsa kuma da saura. Mutane da yawa suka zaɓi mai ƙaramin lada don kawai lokacinsa ya matso. Da aka tuna musu ladan kowane aiki daidai lokacin zaɓi, sai karkatar ta ragu. Darasi a nan a fili yake: kafin a ɗauki aiki, a tambayi kai, "In na yi shi me zan samu, in na bar shi me zan rasa?" Waya tana ƙara saboda gida na 3, amma littafin lissafi ba ya kiran kowa, sai ranar da aka je sari aka tarar uwar kuɗi ta zaizaye.

To yaya ake gane mai muhimmanci? Da awo. A ƙarshen ƙarni na 19 masanin tattalin arziki Vilfredo Pareto na Italiya ya lura cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane 'yan kaɗan. Daga baya Joseph Juran ya ga irin wannan a masana'antu: dalilai 'yan kaɗan ne ke haddasa mafi yawan kayan da ke lalacewa. Shi ne abin da ake kira ƙa'idar 80 da 20, wato kimanin kashi 80 na sakamako yana fitowa daga kashi 20 na dalilai. Ba doka ba ce mai tsayayyen adadi, hasashe ne da kowa zai gwada da littafinsa. A ce 'yar kasuwarmu tana da kaya iri 20, ribar wata kuma naira 200,000. Ta lissafa ribar kowane iri, sai ta ga iri 4 sun kawo naira 150,000.

150,000 ÷ 200,000 × 100 = kashi 75 cikin 100

Waɗannan huɗun su ne ba za a bari su yanke ba, su za a fara yi wa hoto, su za a fara sarowa. Ku kula, riba ake lissafawa, ba yawan ciniki ba. Kaya na iya fita da yawa ribarsu ta ƙare a kuɗin mota.

Kashi na 4: Jera ayyuka da lissafi

Bayan an ware abin da za a yi yau, saura wanne zai riga wanne. Masana lissafi sun tabbatar da ƙa'idodi biyu game da ma'aikaci ɗaya mai ayyuka da yawa a gabansa.

Ta farko, wadda ake danganta wa W. E. Smith a 1956: in ana so a rage matsakaicin jiran mutane, a fara da aikin da ya fi gajarta. A ce mutum uku na jiran 'yar kasuwarmu. Mai haɗa lefe tana son a lissafa mata kaya da yawa, aikin minti 60. Wani yana son a tabbatar masa kuɗinsa sun shiga a ba shi lambar direba, minti 10. Wata tana son hoton launuka uku, minti 20.

In ta bi jerin 60, 10, 20, za a sallame su a minti na 60 da na 70 da na 90. Jimla 220, matsakaici kimanin minti 73.

In ta bi jerin 10, 20, 60, za a sallame su a minti na 10 da na 30 da na 90. Jimla 130, matsakaici kimanin minti 43.

Aikin bai canza ba, minti 90 ne a duka biyun, amma matsakaicin jira ya ragu da rabin awa.

Ta biyu, ta J. R. Jackson a 1955: in ana so a rage mafi munin makara, a fara da aikin da wa'adinsa ya fi kusa. In motar Sakkwato za ta tashi da ƙarfe 10, ta Abuja da 12, mai kai saƙon cikin gari kuma sai bayan La'asar, to haka za a ƙulle kayan, ko da na cikin garin ne ya fara biya.

Kowace ƙa'ida da inda take gazawa. Mai bin gajeren aiki kullum zai wayi gari babban aiki bai taɓa samun layi ba, domin ƙananan ba sa ƙarewa. Don haka ake haɗa su kamar haka: mai tsayayyen wa'adi ya fara, gwargwadon kusancin lokacinsa, sauran a bi su daga gajere zuwa dogo, aikin gida na 2 kuma a killace masa lokacinsa da babu abin da zai shiga.

Kashi na 5: Ƙiyasin lokaci da tsarin yini

Mutum yakan raina lokacin da aiki zai ci. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'ar a 1979. A 1994 Roger Buehler da Dale Griffin da Michael Ross sun tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa za su ɗauka su gama kundin kammala digiri. Matsakaicin ƙiyasinsu kwana 33.9. Da aka ce su ƙiyasta in komai ya lalace, suka ce 48.6. Abin da suka ɗauka a zahiri kwana 55.5. Mai ƙiyasi yana hango aikin ne yana tafiya sumul, ya manta da abin da ya faru a baya. Magani shi ne a koma ga littafi. In shiga Kwari sau biyar na baya kowanne ya ci awa huɗu saboda cunkoso da jiran a ɗauko kaya daga sito, to na shida ma awa huɗu za a rubuta masa, ba biyu ba.

Kada kuma a cika yini maƙil. A mafi sauƙin lissafin layi, inda ayyuka ke shigowa ba tsari, in ma'aikaci yana cikin aiki rabin lokacinsa, matsakaicin abin da ke hannunsa da mai jira aiki 1 ne. In ya kai kashi 80 cikin 100, sai su zama 4. A kashi 90 su zama 9, a kashi 95 su zama 19. Layi ba ya ƙaruwa a hankali, tashi yake yi da zarar sarari ya kusa ƙarewa. Wanda bai bar gurbi a jadawalinsa ba, ɗauke wuta ɗaya ko tangarɗar sabis ɗaya ta isa ta rushe masa yini.

Sai kuma yadda ake sa niyya ta zama aiki. A 1997 Peter Gollwitzer da Veronika Brandstätter sun nemi ɗalibai a Jamus su rubuta rahoto kan yadda suka yi jajibirin Kirsimeti, cikin kwana biyu bayan ranar. Wasu an sa su faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su zauna su rubuta, wasu ba a sa su ba. Sama da kashi 70 cikin 100 na rukunin farko sun rubuta a kan lokaci, na biyun kuwa kimanin ɗaya cikin uku. "Zan yi lissafi" niyya ce kawai. "In na idar da sallar Isha'i ranar Alhamis, zan zauna da littafi da kalkuleta" shiri ne, domin an ɗaure aikin da wata alama da ba ta kuskure zuwa. Mai bin lokutan salla yana da irin waɗannan alamomi biyar a kowane yini. Ga misalin tsari:

Bayan Asuba: duba littafi, zaɓen manyan ayyuka uku na yau, tabbatar da kuɗin da suka shigo cikin dare.
Da safe zuwa hantsi: ƙulle kaya da kai su tasha, saƙonni a rufe.
Hantsi zuwa Azahar: amsa saƙonni, ɗaukar hoto da hasken rana.
Bayan Azahar: sari, ko aikin gida na 2.
Bayan La'asar: aiken cikin gari, bin sawun kayan da ke hanya, da gurbin abin da ba a zata ba.
Bayan Isha'i: ɗora sitatus, cike littafi, rubuta ayyukan gobe.

Kashi na 6: Takardar dubawa

Aikin da ake maimaitawa kullum shi aka fi tsallake wa mataki, domin hannu ya saba, hankali ya tafi wani wuri. A 2009 aka wallafa sakamakon gwajin wata takardar dubawa mai abubuwa 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya wa ɗakunan tiyata, a asibitoci takwas na ƙasashe takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya. Mace-mace bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Wani bincike na 2014 a lardin Ontario na Kanada, inda aka wajabta takardar ga asibitoci, bai ga irin wannan ragin ba. Mallakar takarda daban, tsayawa a karanta ta daban. Ga ta 'yar kasuwarmu, a liƙe inda take ƙulle kaya:

1. Kuɗi sun shiga? A duba a manhajar banki, kada a dogara da alat ko hoton rasit, domin ana ƙirƙirar na bogi.
2. Launi da yawan yadi sun yi daidai da hoton da mai saye ya zaɓa?
3. Suna da lambar waya da gari suna jikin leda?
4. An karɓi lambar direba an tura wa mai kaya?
5. An sauya matakin odar a littafi?

Taƙaitawa

Ma'ajiyar wucin-gadi tana riƙe abubuwa kimanin huɗu, saboda haka ayyuka su zauna a littafi. Kowane sauyin aiki yana cin lokaci yana ƙara kuskure, saboda haka a tara masu kama da juna. Hankali yana bin abin da wa'adinsa ya matso ko da ladansa kaɗan ne, saboda haka a auna sakamako kafin a zaɓa. Mai wa'adi ya fara, sai gajere, babban aiki kuma a killace masa lokaci. Ƙiyasi ya fito daga abin da aka rubuta a baya, a kuma bar gurbi.

Tambayoyi

1. Mai sayar da turaren wuta yana samun oda 8 a kullum, kowace tana ɗaukar kwana 4. Oda nawa ke buɗe a hannunsa? In yana so su koma 16, kwana nawa ya kamata kowace ta ɗauka?
2. Ayyuka huɗu na jira: minti 45, 5, 30 da 15. Jera su yadda matsakaicin jira zai fi ƙanƙanta, ka nuna lissafinka.
3. A wane gida za ka saka mai sayen da kayansa suka kwana biyu a tasha bai sani ba? Kawo dalili.
4. Me ya sa ƙa'idar fara gajeren aiki ba ta isa ita kaɗai ba?

Aikin gida

Yawancin binciken da muka ambata an yi shi ne a kan ɗaliban jami'a da ma'aikata a Turai da Arewacin Amurka, don haka ku gwada shi a inda kuke. Kowane ɗalibi ya nemi mai sayar da kaya ta waya a gidansu ko unguwarsu, da izininsa. A mako na farko ku rubuta oda nawa ke shigowa a kullum, kwana nawa kowace ke ɗauka, da kuskure nawa aka yi, ba tare da an canza komai ba. A mako na biyu ku sa shi ya ɗauki ƙa'ida ɗaya tak daga cikin darasin nan, ku sake auna abubuwa ukun. Ƙa'ida ɗaya ake canzawa, domin in an canza biyu ba za a san wadda ta yi aiki ba. Ku zo da alƙalumanku a darasi na gaba, ko sun goyi bayan abin da muka karanta ko sun saɓa masa.